Uwata, Kada Ki Bar Ƙugi Ya Cinye Ganga

Daga Azare, zuwa ga 'yata Ruƙayya a Jos.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Uwata, bayan gaisuwa irin ta uba da 'yarsa, ina fatan kin sauka lafiya, kin sami Gwaggonki Asabe da mutanen gidanta lafiya lau. Allah Ya tsare ki a ɗakin da za ki kwana da makarantar da za ki zauna, Ya tsare ki daga sharrin mai baki biyu, da sharrin mota, da sharrin wutar lantarkin da za ki riƙa aiki da ita kullum. Amin. Sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa bakina ba ya iya furta shi. A takardar nan ma sau ɗaya na rubuta, ya isa.

Labarin gida ba zan ba ki ba, Innarki za ta cika miki kunne da shi ta waya. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, ranar da muka raka ki tasha na je da magana fal bakina, na dawo da ita ban sauke ba. Baffanki Alhaji Sani ne ya tsare wurin. Kina cikin mota ba ki ji abin da ya ce ba, to ga shi. Ya ja ni gefe ya ce, "Sabo, kai ka ƙarar da ƙuruciyarka tsakanin wayoyi da makaɗa, mun yi shiru. Yanzu kuma 'ya mace za ka tura wani gari ta koyo ɗaukar sautin ganga? Me za a ce da gidanmu?"

Na ce, "Yaya Alhaji, za a ce gidan da ya iya sana'a har ya gadar."

Ya ce in bari in gani. Na ce ina nan ina kallo. Yayana ne, ba zan ɗaga masa murya ba, amma ban sunkuyar da kai ba, ke ma kada ki sunkuyar. Masu ƙyamar makaɗi su ne dai waɗanda in ɗaurin auren 'ya'yansu ya zo suke aiko min in kawo lasifika, in tabbata an ji sunansu har bakin titi.

Nasihar sallah da kamun kai kin sha ta tun kina goye, kuma ban taɓa ganin kin yi wasa da su ba. Abin da nake da shi wanda malaman makarantarku ba za su ba ki ba, kurakuraina ne. Shekara da shekaru na yi ina kokawa da abu guda, ƙugin nan da ke kwanciya a ƙarƙashin sauti, zuuu, kamar an toshe ƙudan zuma a tulu. Ya ka da ni ba sau ɗaya ba, kuma duk kayen da na sha, ni na miƙa masa ƙafa. Zan faɗa miki su yadda suka faru, ba zan rufa wa kaina asiri ba.

Lokacin da na mai da shagon zaurenmu ɗakin ɗaukar sauti, ke ba ki daɗe da yaye ba. Gyaran rediyo na iya, kuma na ɗauka wanda ya iya gyaran rediyo ya gama sanin sauti. Na shiga kasuwa na sayo siririyar waya, irin wadda ake haɗa rediyo da ƙaramar lasifika da ita, na ja ta daga makirufo har teburin aiki. Da yake ni mutum ne mai son tsari, sai na haɗa ta da wayar wuta na ɗaure su tare da roba, na bi da su jikin bango, tsaf, gwanin sha'awa. Ragowar wayar wutar da ta yi tsawo kuma na naɗe ta kamar gammo, na ajiye a gindin makirufo. Ina kunnawa, ƙugi ya yi min sallama.

Na ɗora wa makirufo laifi. Na canja na biyu, na canja na uku, na koma wurin mai shagon da ya sayar min na kira shi macuci a gaban mutane, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Sai bayan shekaru na je na nemi gafararsa. Labari ya bazu a unguwa cewa akwai abin da ke gurnani a zauren Sabo. Baffanki ya zo ya saurara, ya girgiza kai, ya ce gidan da ake kaɗa ganga dole a yi baƙi. Wata tsohuwa har da aiko min turaren hayaƙi. Na ce musu, aljanin da ke tafiya in an ɗauke wuta na koma kan batir, ya dawo in an kawo, wannan ba aljani ba ne, ma'aikacin wuta ne. Aka yi dariya, ni ma na ji daɗin bakina. Amma ki dubi wauta, amsar tana cikin maganar da na faɗa, ban tsaya na saurari kaina ba. Na ci gardama, na bar ƙugi a inda yake.

To ki ji. Wayar makirufo ita ce mai kaurin nan, mai haƙora uku a kai, wadda in kin fere ta za ki ga saƙar ƙarfe ta lulluɓe 'yan wayoyi biyu. Saƙar garkuwa ce. Su kuma biyun an yi su ne don dattin da suka kwaso a hanya ya kashe juna kafin ya iso gare ki. Kada ki karɓi wata, ko kyauta aka ba ki. Kada ki kwantar da ita gefe da gefe da wayar wuta. In dole sai sun haɗu, su gitta juna kamar mararraba, kowa ya kama gabansa. Kuma duk ranar da kika ci gardama, ki koma ki duba ko aikin ya gyaru.

Haka na zauna da ƙugin nan shekaru, kamar mai zama da ciwon haƙori. In kalangu ne ko kotso, masu siririyar murya, sai in ɗaga kiɗan ya danne shi, masu biki ba sa lura. Har na sami kwamfuta, aka ce min babu dattin da ba ta wankewa. Na yarda, don dama neman abin yarda nake.

A wannan hali ne Baba Jatau ya zo. Ba lalle ki tuna fuskarsa ba, kina 'yar shekara goma sha ɗaya. Makaɗin gangar noma ne daga Udubo, dogon tsoho, wanda in ya tsaya a bakin gona ya saki gula a kan fata, samari sai su nome kunya goma ba su san sun nome ba. Shekara uku ina roƙonsa ya zo in ɗauke shi, yana ce min ganga ta fili ce, ba a kulle ta a ɗaki. Sai da ƙafa ta fara gaza masa, gayya ma ta yi ƙaranci, sannan ya aiko cewa yana tafe. Ya zo ran kasuwa a bayan motar hatsi, da ɗansa Habu, magidanci, rungume da gangar. Ya zauna ya sha ruwa, ya dube ni ya ce, "Malam Sabo, akwai take goma sha biyu da ubana ya koya min. Guda uku kawai mutanen yanzu suka sani a cikinsu. Zan kaɗa maka su sau ɗaya. Ka riƙe da kyau, don hannun nan ba zai maimaita ba."

Na kafa makirufo can nesa da shi, don ina jin nauyin in cusa wa dattijo ƙarfe a gaba. Da yake yana nesa, sai na murɗa ƙarfinsa har ƙarshe. Na sa hedifon a kunne. Tun kafin ya ɗaga gula na ji shi, zuuu, ya ma fi na kullum. Abin da ya kamata shi ne in ɗaga hannu in ce, Baba dakata. Ban ce ba. Tsoho ya taso tun daga Udubo a kan buhuna, in buɗi baki in ce masa kayana ba su da lafiya? Na ce a raina, kwamfuta za ta wanke.

Bayan take na huɗu ya tsaya ya huta, kika shigo da fura. Na cire hedifon na ajiye, ke kuma da karambaninki kika ɗauka kika sa. Kika yi shiru kina saurare, sannan kika ja min riga kika ce, "Baba, in firijin Inna ya tashi, kukan nan yana ƙaruwa."

Na ce, "Tashi ki ba mutane wuri, manya na aiki."

Kika fita. Shi kuma ya ci gaba har ya cika sha biyun. Gumi ya jiƙa masa riga, amma idonsa kamar na saurayi. Ya ajiye gula ya ce, "Ka riƙe?"

Na ce, "Na riƙe, Baba."

A duk ƙaryar da na taɓa yi, ba wadda ta kai wannan nauyi.

Kwana bakwai na yi a gaban kwamfuta. Abin da ba wanda ya faɗa min shi ne, ƙugin wuta da muryar babbar ganga wuri ɗaya suke zaune, can ƙasa. In na yanke ƙugin sai ya tafi da cikin gangar, a bar ni da wani ƙwas-ƙwas kamar ana dukan kwali. In na bar wa gangar cikinta, ƙugin yana nan daram. Kamar a ce ki tsince gishiri daga miya bayan ta dahu. Na yi ta cewa bayan girbi zan je Udubo in faɗa masa gaskiya, in roƙe shi ya sake. Girbi ya wuce, kunyar da ta hana ni magana a zaure ita ta hana ni hawa mota. Baba Jatau bai ga damina ta gaba ba, Allah Ya karɓi abinSa.

Bayan sadakar arba'in Habu ya yi sallama a ƙofa. Ya ce iyalai ne suka turo shi, suna so su ji hannun tsoho. Na rasa inda zan sa kaina, na kunna masa. Ya saurara har wani lokaci, kansa a ƙasa, sannan ya ce, "Malam Sabo, a kusa da injin niƙa kuka ɗauka?"

Na ce, "A'a, laifina ne. Na ji tun farko, na yi shiru."

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce, "Zuba min haka nan. Ko a cikin kukan, hannunsa ne." Na zuba masa a wayar hannu ya tafi. Take tara da babu mai iya su a duk ƙasar Katagum, ga su can a wayar Habu, suna leƙowa ta bayan ƙugi kamar mai magana daga cikin rijiya.

Uwata, kafin kowane makaɗi ya taɓa fata, ki ce kowa ya yi shiru. Ki ɗauki shirun ɗakin, ki mayar ki saurara da idonki a rufe. In kin ji wani abu a ciki, ba a fara ba ke nan. In ana tsakiyar kiɗa kika ji shi ya shigo, ki ɗaga hannu ki tsayar. Ko sarkin makaɗa ne, ko furfurarsa ta kai ƙirji, ki tsayar da shi cikin ladabi. Za a ce yarinyar nan ba ta da kunya. Bar su su ce. Fushin makaɗi na yini ɗaya ne, ɓatacciyar ɗauka kuwa har jikoki. Ki matso da makirufo kusa da gangar, kamar taƙi ɗaya ko biyu, ki rage masa ƙarfi, don duk ƙarfin da kika ƙara wa ganga kin ƙara wa ƙugi. Wanda duk ya ce miki a bari za a gyara a kwamfuta, ki ce masa ubanki ya gwada.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Haushin abin da ya faru ya sa na rantse sai na kashe ƙugin nan ko ta halin ƙaƙa. Na kai kuka wurin wani mai situdiyo a cikin gari, irin masu haɗa kiɗa da fiyano. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai abu ne mai sauƙi. Ka karya dogon haƙorin nan na fulogin amfilifaya, na ukun. Mu duk haka muke yi." Ni mai gyaran rediyo ne, na san aikin haƙorin nan. Shi ne hanyar da wuta ke bi ta shige ƙasa in ta ɓalle a cikin na'ura. Na sani sarai, na sa filaya na karya. Ƙugi ya ragu da rabi, na yi kwana biyu ina tafiya kamar wanda ya ci yaƙi.

Wata biyu bayan haka, da hantsi, kina makaranta, Innarki ta wanke daɓen zaure. Na bar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, a kunne na fita ƙofar gida ina duba rediyon wani. Ashe wata waya ta saki a cikinta, wuta ta hau jikin ƙarfen, ta rasa hanyar ƙasa, ta bi wayar makirufo ta je ta zauna tana jira. Innarki ba takalmi, ƙafarta cikin ruwa, ta kai hannu ta ɗauki makirufon don ta goge wurin.

Ƙarar da ta yi ba zan kwatanta miki ba. Na faɗa zauren na same ta a tsaye, hannunta ya ƙanƙame ƙarfen ya ƙi saki. Na yi kanta zan rungumo ta, sai na ji an daka min tsawa daga baya, "Kada ka taɓa ta!" Maƙwabcinmu ne Mista Yohanna, mutumin Tafawa Ɓalewa mai aikin wuta a ma'aikatar gwamnati, yana wanke babur ɗinsa a ƙofar gida. Kafin in juya ya kai ga mita ya fizge fiyus. Innarki ta zube a hannuna.

Allah Ya yi da sauran kwananta. Da kika dawo muka ce miki tukunya ce ta ƙona ta. Tabon da ke tafin hannunta na dama ba na tukunya ba ne, Uwata. Nawa ne. Ita ta ce kada a faɗa miki don kada ki tsani ubanki, yanzu kuma na nemi izininta ta ce in faɗa. Kwana uku ba ta yi min magana ba. A na huɗu ta kawo min abinci da hannun hagu, ta ajiye, ta ce, "Malam, so kake ƙarfe ya yi shiru ko da ni ce zan yi shiru gaba ɗaya?" Tun daga ranar ba ta sake taka zauren nan ba in kaya na kunne, makirufo kuwa ko a gidan biki aka miƙo mata sai ta ɓoye hannu a mayafi.

Haƙorin nan na uku, kada ki karya shi, kada ki bari a karya shi a ɗakin da kike aiki. In malaminki ne da kansa ya ce haka ake yi, ki ɗauki jakarki ki fita. Babu sautin da ya kai ran mutum.

A yammacin ranar da abin ya faru Mista Yohanna ya dawo. Ya ɗauki fulogin ya juya shi a hannu ya ce, "Malam Sabo, wa ya karya wannan?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Shekara shida katanga ɗaya ce tsakaninmu. Kullum ina jin kana faɗa da wannan abu, ba ka taɓa leƙowa ka tambaye ni ba. Don ni mai wayarin ne, ba mai sauti ba?"

Gaskiya ya faɗa. Girman kai ne ya hana ni, ina ganin me mai ɗaura ƙwan fitila ya sani a kan ganga. Ya ce in jira Asabar.

Ranar Asabar ya zo da jakar kayan aikinsa. Bai taɓa kwamfuta ba. Ya sa aka kashe komai na gidan, ya bar kayan sauti kaɗai, ya ce in sa hedifon. Ya shiga kunna abubuwa ɗaya bayan ɗaya yana tambayata me na ji. Doguwar fitilar nan mai ƙyaftawa kafin ta kama, tana kamawa na ji zizizi. Makunnin fanka mai murɗawa ya ƙara nasa. Cajar kwamfuta ta ƙara nata. Sannan ya miƙa min makirufo ya ce in zaga ɗakin da shi a hankali, ina juya kansa gabas da yamma. Ya ce a cikin makirufo akwai siririn naɗin waya a jikin maganaɗisu, shi ke jin motsin iska ya mai da shi sauti. Duk wani abu mai taransifoma ko inji mai juyawa a ciki yana fitar da wani jan da ido ba ya gani, naɗin nan kuma ba ya bambance shi da ganga, ji yake kawai ya kawo miki. Ina tafe ƙugin na raguwa yana ƙaruwa, wani wurin in na karkata makirufon kaɗan sai ya kusa ɓacewa. Har na iso bangon gabas, daidai inda nake kafa makirufo kullum, daidai inda na kafa shi ranar Baba Jatau. Mista Yohanna ya leƙa cikin gida ya ce a kunna firij.

Kunnena kamar zai tsage. Firijin Innarki da sitabilaizarsa suna jingine da bangon ta ɗaya gefen, tsakaninsu da makirufona bulo ɗaya ne.

Na cire hedifon na zauna a ƙasa. Da na saurare ki ranar nan, da na aika an kashe firij na matsar da makirufo, da an tsira da take takwas cikin sha biyu, wataƙila ma tsohon ya yarda ya maimaita huɗun farko. Kin yi gaskiya, Uwata. Shekara goma ke nan ina ɗauke da wannan kalma ban ba ki ba, don uba ba ya son ya ce wa 'yarsa ta fi shi kunne. Kin fi ni kunne. Ki riƙe wannan, ki fito da shi duk ranar da wani mai gemu ya ce ki tashi ki ba mutane wuri.

Ragowar aikin a yini biyu muka gama. Muka mai da wurin ganga bangon yamma. Muka haɗa duk kayan sauti a soket guda, don in wannan yana shan wuta a nan wancan a can, ƙugi yana samun hanyar zagayawa tsakaninsu. Muka sa sabon fulogi mai haƙoransa cikakku. Mista Yohanna ya gano ma wayar ƙasar gidanmu, wadda ya kamata ta shigar da wuta ƙasa in ta ɓalle, ba ta zuwa ko'ina, sunanta kawai. Muka haƙa rami a bayan zaure, ya kafa sandar jan ƙarfe, muka zuba gawayi da gishiri, ya ɗaura waya. Ya ce ƙasar Azare rairayi ce, ba ta riƙe laima, in rani ya yi in riƙa zuba wa wurin ruwa. Shi ne bokitin da kike gani ina kaiwa bayan zaure, kuna dariya kuna cewa Baba na ban ruwan ƙarfe. Da muka kunna, na ɗauka hedifon ne ya mutu. Sai da Mista Yohanna ya tafa hannu na zabura. Ko ruwa bai yarda ya sha ba sai da ya leƙa ya gai da Innarki da jiki.

Saboda haka in kin shiga ɗakin da Gwaggonki ta ba ki, kafin ki buɗe jaka ki zaga ki ga me ke bayan kowane bango, ki leƙa taga ki ga ko akwai taransifomar unguwa a kusa. Ki yi zagayen nan da makirufo a hannu, inda ya fi shiru nan ne wurin ganga, ko da bai yi kyan gani ba. In za ki ɗauka, ki zare cajar kwamfuta ta ci batir, ki kashe fanka ku sha zafi, wayoyin hannu duk a bar su a waje. In janareta ne, a kai shi nesa iyakar tsawon waya. Ki roƙi Gwaggonki ta kashe firij na sa'a ɗaya, naman ba zai lalace ba, in ta yi ƙorafi ki ce ni na ce. Ki nemi mai wayarin na kirki ya duba miki wayar ƙasa, ki girmama shi, ki tambaye shi, kada ki duba addininsa ko yarensa ko rigarsa.

A Jos za ki haɗu da masu manyan na'urori. Za su ce ɗakin gida ba wurin ɗaukar ganga ba ne, za su ce mutanen Azare me suka sani. Wasu za su ce me ya sa za ki wahala da fata da itace alhali fiyano na da ganga ɗari a ciki. Ki bar su da fiyanonsu. Gangar fiyano ba ta gumi, ba ta taɓa sa kowa ya nome kunya ba. Ki koyi duk abin da suka sani, ki kwashe tas, amma kada ki bari su sa ki raina zauren da kika fito.

Akwai kuma abin da ke hannunki wanda ni da su duka ba mu da shi. Duk shekarun nan kiɗan waje na ɗauka, na maza. Kiɗan cikin gida, na ƙwarya da shantu, wanda mata ke yi in sun rufe ƙofa, iyakata in jiyo shi ta kan katanga. Tsofaffin da suka iya shi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, a Itas, a Dagauda, a nan cikin gari, kuma babu namijin da za a bari ya shiga da makirufo. Ke za ki shiga. Wanda ke tambayar me 'ya mace za ta yi da wannan sana'a, bai taɓa tsayawa ya yi tunanin rabin kiɗan ƙasar nan a bayan labule yake ba.

Jiya da la'asar na karanta wa Innarki abin da na rubuta har zuwa nan. Ta saurara, ta tashi ta shiga ɗaki. Na ɗauka ɓacin rai na tono mata. Sai ga ta ta fito da wata tsohuwar ƙwarya daga ƙarƙashin gado, baƙa wuluk don tsufa. Ashe tun tana budurwa a Itas ita ke jan kiɗan ƙwarya a bikin danginsu, kakarta ta koya mata, ni da na aure ta shekara ashirin da biyar ban sani ba. Ta kife ta a tabarma, ta ɗan taɓa ta da wannan hannun mai tabo, sannan ta ce, "Ka rubuta mata, in ta zo hutun Sallah ta zo da kayanta. Ita zan yarda ta kafa min makirufo. Kai kuwa, Malam, a waje za ka jira."

Na ce na ji, kuma a waje zan jira.

Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Ya buɗa miki abin da kika je nema, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare hannunki daga wuta, Ya kare kunnenki daga ƙarya. Allah Ya kai ki lafiya duk inda kika sa gaba, Ya dawo mana da ke lafiya. Ki gai da Gwaggonki da maigidanta. Innarki na gaishe ki, Mista Yohanna ma ya ce in gaishe ki.

Wassalam. Ni ne mahaifinki,

Sabo mai gyaran rediyo, Azare.